Inna Kulu da Agogon da Take Cirewa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 17 ga Shawwal 1446, daidai da 15 ga Afrilu 2025, Allah ya karɓi ran Malama Hauwa'u, wadda duk Horo Birni da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙasar Shagari suka sani da Inna Kulu. Ta rasu a wani asibiti a Sakkwato bayan ta yi kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba, tana da shekara sittin da bakwai. An yi mata sutura a gidan mijinta, marigayi Malam Sama'ila, aka kai ta makwancinta bayan sallar la'asar. Ta bar 'ya'ya biyu, Maniru da Zulaihatu, da jikoki tara. Shekara talatin da huɗu ita ce mai wanke matan garinmu idan sun mutu.

Sunana Bahijja. A Horo Birni aka haife ni, aure da aiki suka kai ni Bodinga, inda nake duba masu ciwon suga a asibiti. Akwai waɗanda suka fi ni kusanci da ke, Inna, kuma suka fi ni iya magana. Amma na zauna kwana uku a gidanki ina jin ana cewa ke mace ce mai ƙarfin zuciya, wadda mutuwa ba ta girgiza ta, har na ji ba zan iya ci gaba da yin shiru ba. Ba su san ki ba. Ni ma da nake faɗa ban san ki ba sai da wata 'yar na'ura ta nuna mini, kuma da na sani ban amfane ki da komai ba.

Ina da shekara goma sha tara mahaifiyata ta rasu, cikin damina. Na tuna shigowarki gidanmu da ƙullin ganyen magarya a haɓar zane, ƙafafunki duk taɓo. Ba ki tsaya dogon gaisuwa ba, kika shiga ɗaki, tsohuwa Laraba mai zuba miki ruwa ta bi ki, aka saki labule. Da kika fito sai kika neme ni, kika same ni a bayan rumbu na haɗa kai da gwiwa. Kika dafa ni kika ce, "Uwarki ta tahi da kyau, ɗiyata. Tashi ki sha ruwa." Tun daga ranar kike kirana ɗiyarki, ni kuma nake kiranki Inna da gaske, ba don kowa yana faɗa ba.

Daga baya na gane wannan kalma ita kaɗai kike faɗa a kan kowace gawa. Ta tafi da kyau. Mai kuɗi da matalauciya, wadda aka yaba da wadda gari ya tsana, duk abin da ake ji daga bakinki ke nan. Matan garinmu kuwa akwai son jin ƙwaƙwaf. Wata za ta matso kusa da ke a wurin zaman makoki, ta rage murya, ta ce an ce wance ta rame ƙwarai, ko an ce ciwon nata ba na faɗa ba ne. Sai ki dube ta ki tambaye ta yadda albasarsu ta yi bana. Ba wadda ta taɓa samun ko ƙwayar magana a wurinki.

Kina da wata tsohuwar adaka a ƙarƙashin gado, ba a raba ta da farin yadi da kafur da sabulu. Daga ɗan fadamarki ta albasa kike cika ta. Idan mutuwa ta faɗa gidan da babu, sai ki naɗo likkafani a cikin mayafinki ki shiga da shi, yadda ko maƙwabta ba za su san daga ina ya fito ba. Sakayyar da kika samu a wurinmu kuwa, ina jin kunyar rubuta ta. Ranar suna, idan kika miƙa hannu za ki ɗauki jariri, akwai uwar da za ta ce barci yake yi. Akwai waɗanda ba sa cin tuwon da kika kwasa. Kin san duk wannan, dariya kawai kike yi ki ɗaga hannun ki ce, "Ku gudu dai, hannun ga shina jiran kowa."

Shekara bakwai da suka wuce aka gano kina da ciwon suga. Asibitin Shagari ya fi miki kusa, amma kika ce ke wurin ɗiyarki za ki riƙa zuwa. Haka kike shiga mota ranar Laraba ki zo Bodinga, ki zauna a benci da katinki a cikin leda, kina tsokanar sauran tsofaffi har layi ya zo kanki.

Bara da kaka wasu likitoci daga jami'a suka zo da wani bincike. Suna son su san yadda damuwa da tashin hankali ke taɓa sugan da ke cikin jini. Bayanin da suka yi mana shi ne, idan hankalin mutum ya tashi, jikinsa yakan zubo suga cikin jini kamar mai shirin gudu, ko da bai ci komai ba. Mai lafiya jikinsa yakan kwashe shi nan da nan, mai ciwon suga kuwa sai ya tsaya masa. Suka kawo abu biyu da za a sa wa marasa lafiya sittin. Na farko wani ɗan farin faifai ne kamar murfin kwalba, ana manna shi a bayan damtse, yana auna suga dare da rana yana ajiyewa, duk mako biyu a karanta a sauya sabo. Na biyu kamar agogon hannu yake, sai dai ba ya nuna lokaci, bugun zuciya da zufar fata yake lura da su. Ni aka ɗora wa aikin mannawa da karantawa.

Mutane da yawa sun ƙi. Wasu sai da aka kawo musu malami ya tabbatar musu cewa wankansu da alwalarsu ba za su ɓaci ba. Ke kuwa kika naɗe hannun riga kika ce, "Manna mani kaskar taki. Shanu na yawo da tasu, ni ma in yi yawo da tawa." Da na ɗaura miki agogon kika tambaye ni aikinsa. Na ce yana jin zuciyarki ne yana kai wa likitoci labari a birni. Kika jujjuya shi kika ce, ashe ɗan tsegumi ne. Muka yi dariya. Ban san wannan bayani nawa na gaggawa shi zai jawo abin da ya biyo baya ba.

Wata biyu da farawa likitan da ke jagorantar binciken ya kira ni gaban kwamfuta ya nuna mini sakamakonki. Yawancin kwanaki layin suganki a kwance yake lafiya lau, ya fi na kowa kyau. Amma jefi-jefi sai ya miƙe sama kamar an harba shi, ya haura ɗari uku, ya yi sa'o'i kafin ya sauko. Kuma duk lokacin da haka ta faru, agogon ba ya hannunki. Sa'a biyu ko uku babu bugun zuciya, babu komai, fili kawai. Likita ya ce ya ga irin wannan a wurin mutane da dama, sukan cire agogo su ci abin da aka hana su, a zatonsu agogon ne ke gani. Gaskiya ne, mun kama masu yin haka, har da wani dattijo da ke ratayewa a kan ƙusa ya sha shayinsa da madara. Sai na saka ki a cikinsu ban yi wani tunani ba.

Abin da na yi miki ranar wata Laraba cikin Nuwamba ba zan manta da shi ba har in mutu. A gaban mutane, a kan bencin nan, na ɗaga murya na ce ke babba ce amma kina wasa da ranki. Na ce kina cire agogo kina dama fura da sukari, kina zaton ba mu gani. Na ce kina ɓata mana aiki. Ni da kika ɗaga daga bayan rumbu. Kika sunkuyar da kai kina gyara bakin ledar katinki, kika ce, "Na jiya, likita. Allah shi ba mu haƙuri." Ranar ce kaɗai kika kira ni likita maimakon ɗiyata, kuma ban lura ba sai daga baya.

A kan wannan zato aka ƙara miki ƙarfin magani. Ke da ba ki cin abin da muke tuhumarki da shi, sai maganin ya riƙa kwashe ɗan sugan da ke jikinki a ranakun da kike lafiya. Cikin Janairu kika yanke jiki kika faɗi a fadama kina ban-ruwa, har goshinki ya fashe. Da Maniru ya kawo ki, ni na wanke ciwon na ɗinke, ina yi ina miki faɗan kin ƙi cin abinci a kan lokaci. Ko a ranar ban tambaye ki komai ba.

Ƙarshen watan ne Ramatu, 'yar ƙanen mahaifina, ta rasu wurin haihuwa. Na zo Horo Birni da sassafe. Ina tsakar gida cikin mata sai idona ya kai kan dangar da ke gefen ɗakin da aka kwantar da ita. Ga agogonmu nan a rataye, an naɗe shi da ɗankwali an ɗaure tam. Kina ciki, labule a sake. Na tsaya ina kallonsa, na fara fahimta.

Da kika fito fuskarki kamar kullum take. Kika ce wa uwar Ramatu ta tafi da kyau, kika wanke hannu, kika kwance agogon kika mayar. Na ja ki bayan ɗaki, na ciro abin karantawa daga jakata na kara a damtsenki. Ɗari uku da tamanin. Na tambaye ki me kika ci. Kika ce ke ba ki taɓa sa komai a baki kafin wankan gawa, haka kika gada daga wadda ta koya miki. Na riƙe hannunki, sai na ji zuciyarki na bugawa har a wuyan hannu. Na ce don me kike cire agogon.

Kika ce, "Ke kinka ce shina jin zuciyata, shina kai labari birni. To in shina jin tawa, mi za ya hana shi jin abin da ke ɗaki? Abin da ke cikin ɗakin ga amana ta, ba a kai ta birni."

Na ce, "Inna, don mi ba ki hwaɗa mani ba tun ranar?"

Kika ce, "Ba ki tambaye ni ba, ɗiyata. Hwaɗa mani kinka yi."

Na koma Bodinga na buɗe sakamakonki tun daga farko, na rubuta ranakun da layin ya tashi, na kira Zulaihatu a waya muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sau goma sha ɗaya ne. A kowace ɗaya daga ranakun nan akwai macen da aka binne a Horo Birni ko a rugagen kusa. Babu furar da ta shiga cikin lissafin. Na lura kuma layin ba ya jira sai kin shiga ɗakin, tun daga lokacin da aka yi sallama a ƙofarki yake fara hawa, kuma idan yarinya ce ko mai jego yakan wuni bai sauko ba. Mako na gaba na ce miki ina zaton bayan shekaru talatin da wani abu kin saba. Kika dube ni kamar na yi maganar yara kika ce, "Wa yac ce miki ana sabawa? Kowace ɗaya da ni ka juyawa, na san ranar da anka haihe ta ko ranar da anka kawo ta amarya."

Likitan ya yi murna ƙwarai da wannan sakamako. Ya ce bai taɓa ganin shaida mai tsabta irin taki ba, ya ce za a rubuta a karanta a manyan tarurruka, da lamba a madadin sunanki. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ke nan, kuma ya rage maganin nan take, ya ba ki haƙuri da bakinsa. Amma ya gaya mini a fili cewa jijiyoyinki da ƙodarki sun fara gajiya, hawan jini ma ya shigo, kuma irin wannan hawa da sauka zai iya kayar da ke a kowane lokaci. Magani ɗaya ne, ki bar wankan. Da na kawo miki saƙon ba ki yi gardama ba. Kika ce kin daɗe da gajiya, a samo wadda za ta karɓa, ranar nan za ki ajiye ƙwarya. Sharaɗinki ke nan, kuma kina da gaskiya. Tun da Laraba mai zuba miki ruwa ta makance, ko mai taya ki tsayayya ba ki da ita. Sai dai ki jawo wata daga dangin mamaciya ta riƙa zubawa ta kau da kai.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Na je wurin liman, ya yi huɗuba a kai, ya faɗi ladan mai wanke mamaci ya rufa asirinsa, ya ce idan gari ya rasa mai yi kowa ya shiga laifi. Na je makarantar Islamiyya ta matan aure, aka sa rana cikin Sha'aban. Mata ashirin da uku suka zo da littattafan rubutu. Aka kwantar da dogon matashin kai a kan tabarma aka lulluɓe, kika nuna musu komai: yadda ake naɗe hannu da ƙyalle, yadda ake fara alwala, a wanke dama kafin hagu, a sa kafur a ruwan ƙarshe, a raba gashi gida uku. Suka rubuta, suka yi tambayoyi masu kyau, har da masu kawo saɓanin malamai. Ina zaune a baya ina jin daɗi, ina ganin na gyara ɓarnar da na yi.

Kwana tara bayan nan wata tsohuwa ta rasu a unguwar gabas. Aka aika gidajen ɗalibanki. Wata ta ce ba ta da tsarki, wata mijinta bai yarda ba, wata goyo gare ta, wata ta ce sai ta ƙara gani tukuna. Cikin ashirin da uku ba a sami ɗaya ba. Aka dawo ƙofarki aka yi sallama, kika ɗauki magaryarki kika fita. Waɗannan matan su ne suka cika gidanki makon nan suna kuka suna cewa ba za a sake yin irinki ba. Na so in ce musu ai an nemi a yi, su suka ƙi. Ban faɗa ba, domin ba ni da bakin faɗa.

Ranar Laraba 9 ga Afrilu, bayan Salla, kika zo na sauya miki faifai. Da na gama mannawa ba ki saki hannun rigar ba. Kika ce kina da magana. Kika ce kin duba garin kaf, ba ki ga wadda ta fi ni dacewa ba: na saba da jini, na saba da jikin mace, kuma na san ciwon rasa uwa. Kika ce ba kullum ba, in riƙa zuwa ina zuba miki ruwa ina gani, idan na ƙware mu riƙa karɓa-karɓa. Na kawo miki aiki, na kawo nisa, na kawo maigida da yara. Kina ji kina gyaɗa kai. Gaskiyar da ban faɗa ba ita ce, shekara goma sha shida ina aikin asibiti, amma duk sa'ad da rai ya fita nakan sami dalilin barin ɗakin. Tun ranar mahaifiyata ban iya tsayawa kusa da labulen nan. Na ce miki zan yi shawara. Kika ce to, Allah shi kai mu, kika ɗauki ledarki.

Ranar Asabar da yamma motar da ta ɗauko mata daga kai amarya ta yi haɗari a hanya. Mata uku 'yan Horo Birni suka rasu, ɗaya daga ciki ba ta kai ashirin ba. Lahadi da safe Maniru ya kira ni. Ya ce kin ce a gaya mini su uku ne, ba za ki iya ke kaɗai ba, in zo ko ruwa ne in zuba miki. Na ce masa babu mota, amma zan duba zuwa azahar.

Abin da ya biyo baya Zulaihatu ce ta ba ni labari. Zafin ranar irin na bazarar Sakkwato ne, ko inuwa ba ta da daɗi. Kin shiga gida na farko ba ki ci komai ba, kika fito kika wuce na biyu. A gida na uku sai da kika zauna a kan turmi kika huta kafin ki shiga. Maƙwabciyarki Atika, wadda ta girme ki, ita ta ga abin ya yi yawa ta bi ki da buta. Kika gama, kika ɗaure likkafani, kika fito kika ce wa uwar yarinyar ta tafi da kyau. Kika miƙa hannu za ki ɗauko agogon daga kan danga, hannun bai kai ba. Kika zame ƙasa, bakinki ya karkace, ba ki sake magana ba. Na iso asibitin Sakkwato da la'asar, na tarar da idonki a rufe. Na yi ta kiranki kwana biyu ina neman gafara a kunnenki, likitoci suna ce mini da wuya kina ji.

Ranar Talata aka kawo ki gida wajen azahar. Aka ɗora ruwa, aka daka magarya, aka jawo adakarki aka sami likkafani a yanke a ciki. Gida cike da mata har zaure. Sai aka tsaya. Kowa tana kallon ƙasa. Maza suka aiko daga waje suna tambaya ko an gama, aka ce tukuna. Suka sake aikowa. Zulaihatu ta tashi za ta shiga, ta kai bakin labule ta dawo ta zauna. Matar da ta suturta matan gari shekara talatin da huɗu tana kwance a bayan labule ana neman wadda za ta taɓa ta. Ban taɓa jin baƙin ciki da kunya irin na wannan lokaci ba, kuma ba na jin zan sake.

Na tashi na shiga, Atika ta biyo ni da buta. Na yi abin da na tuna daga ranar matashin kai. Ban sani ba ko na yi daidai, kuma wadda zan tambaya ita ce a gabana. Faifan da na manna miki kwana shida da suka wuce yana nan a damtsenki, na ɓamɓare shi a hankali na ajiye gefe. Ban karanta shi ba, ba kuma zan miƙa shi ba, na san abin da ke ciki. Sauran abin da na gani a ɗakin ba na faɗa ba ne. Da na fito Zulaihatu ta ɗago ido tana jira, na ce mata kin tafi da kyau.

Ranar sadakar uku, muna zaune, wani mutum ya yi sallama a ƙofar gida. Daga wata ruga ya taho da ƙafa, bai ji labari ba. Ya ce mahaifiyarsa ta cika da asuba, a yi masa magana da Inna Kulu. Na dubi matan da ke zaune, suka dubi ƙasa kamar yadda suka yi ranar Talata. Na ɗauki mayafina na bi shi. Tsoron bai tafi ba daga farko har ƙarshe. Ga shi cikin kwana uku na yi sau biyu abin da kika roƙe ni in yi rabinsa sau ɗaya kina da rai. Ban ga amfanin wannan jarumtaka ba, Inna. An ce ajali ne, na kuma yi imani ba wanda ke wuce kwanansa. Amma imanin bai hana ni sanin cewa kin nemi hutu a wurinmu muka hana ki. Binciken zai kammala, za a buga shi, wata rana ƙila ya amfani wasu a wani gari. A Horo Birni abin da ya yi shi ne ya nuna mana abin da ke kashe ki da lambobi, muka gani sarai, muka ci gaba da aiko miki da sallama.

Ya Allah, ga baiwarka Hauwa'u ta zo maka. Ka wanke ta daga zunubanta fiye da yadda ta wanke bayinka. Ka rufa mata asiri ranar da asirai ke tonuwa, kamar yadda ta rufa na matan da ba su da bakin roƙonta. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sauƙaƙa mata tambaya, ka haɗa ta da mijinta Malam Sama'ila a Aljannar Firdausi. Ka kwantar mata da zuciyar nan da ba ta taɓa kwanciya ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Maniru da Zulaihatu da jikokinta, ga Inna Atika da tsohuwa Laraba, ga dangi na Horo Birni da Shagari da Sifawa, da iyalan matan nan uku da ta sallama a ranarta ta ƙarshe. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa bayanta ya yi albarka.

Maniru, akwai abin da na kasa faɗa maka ido da ido, kana ta yi mini godiya tun ranar Talata. Ranar Lahadi da ka kira ni, ina tsaye ne a bakin tashar Bodinga da jakata a hannu, motar Shagari tana lodi a gabana, saura mutum biyu ta cika. Akwai mota. Tsoro ne ya mayar da ni gida. Ku yafe mini idan za ku iya, ita kam ta tafi ban sami jin ta bakinta ba.

Allah ya jiƙan Inna Kulu, ya sa ta huta.

Bahijja Ummaru, Bodinga